Kaset Na Shida

Gummi,
12 ga Maris, 2001

Zuwa ga taubashina Almustapha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. An yi layya lafiya, zafi ya fara, Saratu da yara suna gaishe ka. Mahaifiyarka, Gwaggo Marka, tana Anka lafiya lau, sai ciwon gwiwar da ka sani. Ƙanwarka Hasana ma lafiya take a ɗakinta can Bukkuyum.

To ɗan Gwaggo, kaset ɗinka ya iso. Ka ce akwai inda anka nuno ka kana aiki a filin wasa, amma don wulaƙanci irin naka ba ka faɗi ko a farko ne ko a ƙarshe ba. Awa uku, Almu! Sau uku na kalle shi a shago kafin in gano ka, kuma abin da na samu ƙeya ce. Ƙeyarka cikin rawayar riga a gindin matakala, ka ba fili baya, ko uku ban ƙirga ba anka ɗauke. Shekara shida kana Amurka, ƙeya ka aiko mana.

Duk da haka na ɗaure bidiyo da ƙaramar talabijin da janareto a bayan babur na tafi Anka. Dama tun da anka rufe gidajen kallo kayan suna nan zube, gyaran rediyo kaɗai nike yi. Na haɗa su a ɗakin Gwaggo. Ka san halinta da kai, ɗan fari: ba ta faɗin sunanka, ba ta tambayar labarinka gaban mutane. Ta zauna ta juya gefe da faifan wake, wai tsinta take. Da na tsayar da hoton maƙwabta sunka hau gardama, wanga ne, a'a wancan ne. Ita ko kai ba ta ɗago sosai ba ta ce, "Ga shi can, mai kafaɗar hagu a sauke. Haka ubanshi ke tsayuwa." Sau tara ta sa na mayar, wai don baƙi su gani.

Da zan tafi ta rako ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Barau, ka rubuta ma mutumin nan, ƙeya na gani. Hoton da ya aiko ba ya motsi, kaset ɗin muryar kuma ya tsinke. Ina son in ga fuska tana magana kafin in kwanta dama." Na ce haba Gwaggo, wace irin magana ce wagga? Ta ce in kama hanya rana na yi. Na dai isar da saƙo.

Yanzu ga abin kunya. Garin neman ƙeyarka wasan ya shiga raina. Da farko na ɗauka faɗa ne: ƙarti cikin hular kwano, a duƙa, a ruga a kara, a tashi, a sake. Ƙwallon ma ba ta da fasali, kamar gwanda. A kallo na biyu na ce kai, ai langa ce! Ga ruwa, wato wanda ake karewa, riƙe da ƙwallo, ga 'yan gidansu na buɗe mashi hanya, ga abokan gaba na neman kayar da shi kafin ya sha. Daga nan ban ƙara tashi ba. Masu shuɗiyar riga da zaki a hula su ne na garinku ko? To su na zaɓa. Ka aiko mani wasannin bara duka, ka kuma bayyana mani rawayan ƙyallen da alƙali ke jefarwa. Amma ga doka: kada ka kuskura ka faɗa mani abin da ke cikin kaset. Ɗaya zan riƙa kallo duk Juma'a bayan la'asar, bi da bi, yadda anka buga su.

Ubangidanka ko ka ƙi,
Barau

*

Detroit,
29 ga Afrilu, 2001

Barau,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta yi sati biyar a hanya. Ina lafiya, alhamdu lillahi, ƙanƙara ta narke. Ka gaishe da Saratu da yara. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce a riƙa gasa gwiwar.

Ƙeyar ba wulaƙanci ba ce, aikin ke nan. Mu masu rawayar riga an ɗauke mu ne mu ba fili baya mu sa ido a kan 'yan kallo, wanda ya waiwaya sai a sallame shi. Shekara uku ina tsaye a wurin nan ban taɓa ganin an ci maki da idona ba. A fuskokin mutane nake gane abin da ake ciki, in na koma ɗaki in kalli abin da bidiyo ya ɗaukar mini daga talabijin. Shi ya sa nake da su duka. Ga goma sha shida nan a hannun Atiku, wani ɗan Sakkwato mai sayen tsofaffin motoci, yana zuwa gida sau biyu a shekara.

Rawayan ƙyalle laifi ne. Ƙoƙari huɗu ake ba ku ku ci yadi goma, in kun ci a sabunta muku, in kun kasa ku ba da ƙwallo. Sauran za ka gane da kanka, tunda har langa ka gano. Amma wallahi ka zaɓi wahala da hannunka. Akwai wani tsoho a layin da nake tsaro, tun yana saurayi rabon Zakuna da kofi. Yana zuwa ya zage su tas, ya rantse ya daina, wasa na gaba shi ne farkon zama.

Saƙon Inna ya hana ni cin abinci kwana biyu. Kai kaɗai zan faɗa wa, kada ta ji. Karatun ya tsaya tun shekara biyu da suka wuce, takardar zamana kuma ta ƙare. In na fita daga ƙasar nan ba za a bar ni in dawo ba. In zo Anka da me, da rawayar riga? Akwai lauyan da ya ce in ba shi shekara ɗaya. Ka ce mata ina nan tafe, amma kada ka sa rana. Maganar fuska zan san yadda na yi.

Naka,
Almustapha

*

Gummi,
2 ga Satumba, 2001

Ɗan Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, damina ta yi kyau, an fara cin sabon gero. Allah ya sa lauyan nan na gari ne, sirrinka kuma yana cikina.

Almu, Allah ya isa tsakanina da kai. Shekaranjiya na kalli na goma sha shida. Ka san abin da ke ciki tun watan Disamba ka bar ni ina ta murna kamar wawa! Mun ci tara, saura mu ci Chicago a gidanmu mu shiga zagayen manya. An yi kunnen doki, saura ƙiftawar ido a tashi, sai ga 'yan Chicago sun dasa ƙwallo can kusan tsakiyar fili za su buga. Na ce daga nan? Ko da majajjawa ba ta kai. Ta tashi, ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, ta ratsa tsakanin ƙarafan nan biyu na ƙarshen fili, sunka cinye mu. Ihun da na yi ya sa Saratu ta rugo daga cikin gida ba mayafi, ta ɗauka wuta ce ta ja ni. Da ta ji dalili ta ce, "A kan ƙattin da ba su san an haife ka ba?" Tuwon ranar ban ci ba, kuma ba don fushi da ita ba.

Ka ga na ce "mun ci". Haka abin ya zama. Na sa an zana mani shuɗin zaki a ƙofar shago, yanzu duk Gummi Barau Zaki suke kirana, kuma ba don girmamawa ba ne. Na jawo mutum uku su kalla tare da ni, biyu sunka yi barci, na ukun ya ce wasan mahaukata ne, minti ɗaya ana gudu minti biyar ana shawara. Ni kaɗai ne a ƙasar nan, sai kai. Wallahi wani lokaci in na ga taron nan sun dafe kai, sai in ji kamar ina zaune gabanka kana kallona.

Na leƙa Anka ranar kasuwa. Gwaggo tana ɗan jin jiki, ƙafafun sun ɗan kumbura, abinci ba ya shiga sosai, amma da sauƙi. Na ce mata kana nan tafe, ta ce Allah ya kawo.

Sati mai zuwa ne za a fara na bana ko? In Atiku zai taso ka haɗo shi da duk abin da ya samu. Bana tamu ce, na ji a jikina. Doka tana nan.

Barau Zaki

*

Detroit,
5 ga Nuwamba, 2001

Barau,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce jikin Inna da sauƙi. Kumburin ƙafa yawan zama ne, ka ce Hasana ta hana ta gishiri.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Kun ji a rediyo abin da ya faru a New York, to tun ranar ƙasar nan ta canza mana. Masu suna irin namu ana ɗauke su daga wurin aiki a kan ƙaramin laifin takarda, wasu har yau ba a san inda aka kai su ba. Lauyan ya ce ko hanyar filin jirgi kada in bi, shekara ɗayar nan kuma in manta da ita. A wurin aiki an rage sunan da ke ƙirjina ya koma "Al", wai don lafiyata. Daga ɗaki sai aiki sai masallaci. Tsohon nan na layina ya ce in wani ya taɓa ni in faɗa masa, da sandarsa zai rama mini. Na yi dariya, amma na ji daɗi.

Atiku yana da takardunsa, shi zai iya tafiya. Ga kaset bakwai na bana. Takardar gidan waya yanzu tana daɗewa fiye da da, kada ka damu in ka ji ni shiru.

Abu ɗaya. Na shida, ka kalle shi har ƙarshe, kada ka kashe da an tashi. Akwai abin da zai faranta ran kowa a ciki. Ba zan faɗa ba, kai ka kafa doka, sai ka sha abinka.

Ka gaishe da Inna, ka ce azumi ya kusa, ta sa ni a addu'a.

Almustapha

*

Anka,
24 ga Nuwamba, 2001

Yaya Barau,

Ina wuni, ya ibada, ya su Saratu? Na ba direban motar Gummi wagga takarda, ya ce yau za ta same ka.

Kwana tara ke nan da na baro Bukkuyum, ina Anka. Inna ba ta tashi. Munka kai ta asibiti sunka duba, sunka ba mu magani sunka ce mu koma gida mu riƙa ba ta abin da take so. Kai ma ka san abin da ake nufi da haka. Kumburin ya kai ciki. Azumi bana ba ta ɗauka ba, ita da ko na nafila ba ya wuce ta.

Jiya da rana ina shafa mata mai ta kira sunanshi. A ɗakin nan na girma, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Almustapha, sarai, har sau biyu, ba ta ko ji kunyata ba. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na dawo.

Ta ce ka zo da akwatin nan da kaset ɗin ƙeya, tana son ta ƙara gani. Don Allah kada ka wuce jibi.

Sannan ka rubuta ma Yaya Almu gaskiya. Kai ke da adireshinshi, kai yake amsa ma. Na san irin takardun da kake rubuta mashi, Saratu ta faɗa mani, shafi uku na ƙwallo, Inna layi biyu. An ce har zaki ka zana a ƙofa. Kai da girmanka! Ba wasan taubashi nike maka ba yau. Ka ce mashi uwarshi na mutuwa, da waɗannan kalmomin, in zai zo ya zo, in ba zai zo ba ya san da saninshi ya zauna.

Ƙanwarka,
Hasana

*

Gummi,
3 ga Disamba, 2001

Almustapha,

Assalamu alaikum, ya ibada? Muna lafiya, azumin bana da sanyi, ba wuya. Atiku ya iso da kaya tun sha huɗu ga watan jiya, mun gode. Labarin da ka ba ni ya tayar mani da hankali. Ka yi yadda lauya ya ce, ka kama kanka.

Na je Anka satin da ya wuce, na kwana biyu. Hasana tana can. Na tafi da bidiyo da tsohon kaset ɗin nan, Gwaggo ta sake kallon ƙeyarka. Jikin dai sai a hankali, tana kwance, amma da sauƙi. Ta ce a gaishe ka. Ta ce kana cikin addu'a kullum. In da hali ka zo da ya yi kyau, amma na san yadda abin yake, kada ka yi abin da zai cuce ka. Da sauƙi dai, alhamdu lillahi.

Na zauna da biro ya fi awa ban ƙara komai a kan wannan ba, bari in ba ka labarin mutanenmu. Na kalli uku, an cinye mu uku. Na ukun ma talatin da biyar ba ko ɗaya, a gidanmu, ga azumi a bakina. Wai me sunka ci ne bana? Mai jifa ya jefa ma abokin gaba, mai kamawa ya saki, rawayan ƙyalle sai sauka yake.

Kai kuma ka karya doka, munafuki. "Abin da zai faranta ran kowa." Yaro ne ni? Na gane, a na shida munka ci, kuma a ƙarshen ƙarshe munka ci. Na so in ji haushi amma wallahi ina buƙatar abin daɗi guda ɗaya a gabana kwanan nan. Na naɗe shi a leda na ɗora saman kanta inda hannu ba ya kai. Na duba, Juma'ar bayan Sallah zai faɗo. Goron Sallata ke nan, ba zan taɓa shi ba sai ranar.

Ka yi mana addu'a, mu duka.

Barau

*

Detroit,
17 ga Disamba, 2001

Barau Zaki,

Barka da Sallah! Ina lafiya, da fatan kun yi Sallah lafiya, kai da Saratu da yara da Inna da Hasana. Rabona da takardarka tun ta watan Satumba, na san tana hanya.

Yau dokarka sai dai ta yi haƙuri. Jiya mun ci! Bayan goma sha biyu a jere ana lallasa mu, jiya, ranar Sallah, mun ci Minnesota. Daga masallacin idi na wuce aiki. Da aka zo ƙarshe na ga tsohon nan ya miƙe, hawaye na bin gemunsa, sai na kasa daurewa. Na waiwaya, Barau. Shekara uku da wani abu, jiya na fara ganin filin nan da idona ana wasa. Ba wanda ya kula, shugaban namu ma tsalle yake. Ka ce an ci kofi, alhali wasa ɗaya ne cikin goma sha uku.

Yanzu ba ni labari, don shi nake jira. Na san dokar Juma'ar nan ta baki ce, ba ka da wannan haƙurin, kwana uku ka cinye bakwai ɗin. Me Inna ta ce da ta gan ni? Wajen wani ɗan Yaman na ari kyamara. Na sa shuɗiyar rigar da ta ba ni ranar da zan taho, na zauna minti ashirin ina yi mata magana, na juye a wutsiyar na shida don shi ke da sauran wuri. Sau huɗu ina sakewa. Na bar wuri bayan kowace gaisuwa don ta amsa. Ta amsa kuwa, ko ta juya gefe da faifanta? Ta ce na rame? Na so in ga idonka lokacin da ka gama zagin Zakuna sai ga ni na faɗo maka.

Ka rubuto mini abin da ta faɗa kalma-kalma, kada ka rage komai.

Almustapha

*

Gummi,
24 ga Janairu, 2002

Almustapha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu nan lafiyar jiki akwai.

Almu, Gwaggo ta rasu. Ranar Alhamis, saura kwana uku Sallah, da hantsi, kanta a cinyar Hasana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Anka yi mata sutura bayan azahar, an samu jama'a. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Manya sun ce ba a aika mutuwar uwa cikin ambulan, a jira Atiku ya koma ya faɗa maka baki da baki, shi ya sa ka ji shiru. Na bi maganarsu kwana arba'in, yau na daina.

Da na ce maka da sauƙi, babu sauƙi. Hasana ta ce in rubuta maka cewa tana mutuwa. Gwaggo kuma ta riƙe hannuna ta ce ta san akwai abin da ya riƙe ka, in na tayar maka da hankali ka taso ka rasa abin da ka je nema, ba ta yafe mani ba. Na bi ta Gwaggo. Ba zan ɓoye a bayanta ba, maganarta ce ta fi mani sauƙin rubutawa.

Ba ta ga na shida ba. Wataƙila takardata ta Disamba ta riga ta same ka, ka gane. Kwana ashirin da tara kaset ɗin nan yana saman kantata tana da rai. Sau biyu na ɗaure bidiyo a babur na tafi Anka, sau biyu ina bi ta ƙarƙashinshi in ɗauki tsohon. Ina ajiyar shi ne don in ji daɗin cin wasa. Bayan rasuwar ban ƙara kunna komai ba, sai ranar Juma'ar da ta wuce da takardarka ta zo. Na karanta a tsaye a gidan waya. Ban san yadda na iso shago ba. Na hau kujera na sauko da shi, na tura wasan gaba ban kalla ba, ashe ma cinye mu anka yi. Sai ga ka cikin shuɗiyar riga.

Shekaranjiya anka yi sadakar arba'in. Da maza sunka watse na haɗa kayan a ɗakinta, inda na saba haɗawa. Ni da Hasana da tsofaffi uku ƙawayen Gwaggo. Ka ce, "Inna, ina wuni," ka yi shiru kana murmushi kana jira. Ba wanda ya yi motsi. Ka ce, "Mun daɗe ba mu gana ba," ka sake jira. Da ka ce, "Ya jikin, Inna?" sai bakin Hasana ya suɓuce ta ce, "Da sauƙi." Ta juyo ta dube ni, ta tashi ta fita. Har na baro Anka ba ta yi mani magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni na zauna har ƙarshe. Ka rame ƙwarai.

Ban nemi ka yafe mani a wagga takarda ba, ban kai nan ba tukuna. Kada ka taso, babu abin da za ka tarar. Na biyar da na bakwai suna nan ban kalla ba, kada ka aiko sauran.

Ka ce in rubuto maka abin da ta faɗa kalma-kalma. Abin da nike da shi na tsohon kaset ne, a zuwana na ƙarshe, kwana biyar kafin rasuwar. Ba faifan wake ranar. Hasana ta tallafe ta, na matso da talabijin har bakin gado, ta zuba ma ƙeyarka ido. Sau goma sha ɗaya na mayar. Na kai hannu zan kashe don man janareto ya kusa ƙarewa, sai ta ce, "Ƙara mayarwa, Barau, ko wanga karon ya waiwayo."

Na mayar mata.

Barau